Injin wanki mai ɓoyayyen sauti: na ruwa ne, ba na isansi ba

Mallawa ba garin masana'antu ba ne. Ƙaramar hukuma ce ta manoma da makiyaya a bakin iyakar Najeriya, wadda ta daɗe ƙarƙashin Magarya kafin a mayar da ita cikin gundumar Dungas a shekara ta 2011. To amma duk wanda ya ratsa wannan yanki ya san cewa rayuwar yau ta rataya a wuyan ƙananan injuna: injin niƙa mai shan gazuwal, babur ɗin ɗan kabu-kabu, gurup ɗin mai cajin waya, da injin ban ruwa na masu lambu a fadamun Korama. Kowane ɗaya daga cikinsu yana da wasu ƴan ramuka da mai ke bi, waɗanda faɗinsu bai kai milimita ɗaya ba. A bakin anjektar na motocin gazuwal na zamani ma, ramin bai wuce kashi ɗaya ko biyu cikin goma na milimita ba. Ƙurar hunturu, da tsatsar tanki, da dattin man kwalba, su ne ke toshe waɗannan ramuka. Da zarar sun toshe kuwa, niƙa ta tsaya, lambu ya bushe, mai babur ya koma tafiyar ƙasa.

Maganin da aka gada sananne ne: tasa, da rabin litar isansi, da tsohon buroshin goge haƙori, da silin waya da ake zurawa cikin ramin. Wannan silin waya yana kashe karbireta, domin yana faɗaɗa ramin, daga ranar kuma injin ba zai daina zuƙar mai ba.

Akwai na'urar da aka ƙera domin wannan aiki. Faransawa na kiranta bac à ultrasons, mu kuma za mu kira ta injin wanki mai ɓoyayyen sauti. Kwano ne na ƙarfen inoks mai murfi da kwando, daga ƙarami wanda bai kai lita ɗaya ba, irin wanda ake gani a teburin masu gyaran waya, zuwa manya masu cin ɗaruruwan lita a masana'antu. Tun da ƙirar ƙasar Sin ta karya farashinsa, ya zama hajar da ɗan kasuwa mai zuwa Kano zai iya sarowa, ma'aikacin da ke rubuta odar kayan asibiti kuma zai iya cin karo da sunansa cikin takarda. Saboda waɗannan mutane biyu muka ga ya kamata a yi bayaninsa, domin injin ba shi da mugunta a karan kansa. Haɗarinsa yana cikin abin da aka zuba masa.

Yadda sauti ke wanki

Kunnen ɗan Adam yana jin girgizar da ba ta wuce sau dubu 20 a sakan ɗaya ba. Abin da ya haura haka yana nan, amma ba ma jinsa. A ƙarƙashin kwanon an manna wasu ƴan faya-fayai na wani irin tangaran da ke kumbura yana motsewa idan wutar lantarki ta ratsa shi. Wasu ƴan'uwa biyu Faransawa, Jacques da Pierre Curie, su ne suka gano wannan hali a jikin wasu duwatsu a farkon shekarun 1880. A lokacin yaƙin duniya na farko wani masani, Paul Langevin, ya yi amfani da shi wajen neman jiragen yaƙi masu tafiya ƙarƙashin teku. Sai a shekarun 1950 aka fara sayar da shi a matsayin injin wanki ga masana'antu.

Mafi yawan waɗanda ke kasuwa suna girgiza sau dubu 40 a sakan. Wannan girgiza tana matse ruwa tana sakinsa da saurin da ruwan ba zai iya bi ba, sai ya tsage, miliyoyin ƴan kumfa da ido ba ya gani su tashi, nan take kuma su rufta. Ruftawar ce ke wanki. Kowace kumfa idan ta rufta kusa da ƙarfe takan harba ɗan tsinken ruwa mai ƙarfi, ya ɓamɓare dattin da ke manne. Masana sun auna zafin cikin kumfar a daidai lokacin ruftawa, sun samu ya kai wajen digiri dubu 5, sai dai a wuri ɗan mitsitsi, cikin lokacin da bai kai ƙiftawar ido ba. Abin mamaki, an fara sanin wannan kumfa ne a matsayin annoba: ita ce ke cin farfelar jiragen ruwan Ingila a ƙarshen ƙarni na 19, har Lord Rayleigh ya yi lissafin ƙarfinta a 1917. Abin da ke iya cin farfelar jirgi, masu karatu, ba abin wasa ba ne ga karbireta.

Daga wannan bayani mai hankali zai fahimci ƙa'ida ta farko: inda ruwa bai shiga ba, babu wanki. Idan iska ta maƙale cikin wani lungu na ƙarfen, kumfa ba za ta tashi a can ba ko an kwana ana kunna injin. Dole a warware kayan, a karkata su har iskar ta fita, a kuma juya su a tsakiyar aiki.

Sabo turken wawa

Ga inda maganar take da nauyi. Makaniken da ya shekara ashirin yana wanke ƙarfe da isansi, ranar da aka ajiye masa kwano mai kunnawa, abin da hannunsa zai fara ɗauka shi ne kwalbar ruwa-ruwa. Zai ce ai ruwa ba ya cire maiƙo, kuma ai bai taɓa ƙonewa ba. Gaskiya ne bai ƙone ba, domin tasarsa a fili take, ƙarƙashin rumfa, iska na kwashe tururin, kuma babu abin da ke ɗumama ta. Injin nan kuwa ya haɗa abubuwa uku da tasa ba ta da su: yana ɗumama abin da ke cikinsa, yana watsa shi ya zama feshi, sa'an nan a ƙarƙashinsa akwai wayoyi da makunnai masu fidda tartsatsi.

Kowane mai yana da zafin da in ya kai, tururinsa zai kama wuta da ɗan tartsatsi. Na isansi yana ƙasa da sifiri da wajen digiri 40, wato ko a sanyin watan Janairu a shirye yake. Tururinsa ya fi iska nauyi sau uku zuwa huɗu, ba ya tashi sama, gangarowa yake ta gefen kwanon ya kwanta a ƙasa, daidai wurin da fanka ke jawo iska zuwa cikin wayoyin injin. Bai kuma buƙatar yawa: in ya kai kashi ɗaya da rabi cikin ɗari na iskar wurin, ya isa. Alkol da masu gyaran waya ke amfani da shi yana kamawa daga digiri 12 ko 13. Tina ta masu fenti ita ma haka.

Waɗanda suka fi yaudarar mutane su ne kananzir da gazuwal, saboda an saba ganin ba sa kamawa da sauƙi. Kananzir yana fara ba da tururi mai kamawa daga wajen digiri 38, zafin da inuwar Damagaram ke wucewa a watan Afrilu tun ba a kunna komai ba. Gazuwal kuma daga digiri 52 zuwa sama, alhali aikin injin na yau da kullum tsakanin 50 da 65 ne. Ko an kashe abin ɗumamawar ba a tsira ba, domin girgizar kanta tana ƙara wa ruwa zafi sannu a hankali. Akwai injuna na musamman da aka ƙera domin irin waɗannan mayuka, masu rufaffun wayoyi da bututun fidda tururi, amma tsadarsu daban ce, kuma ba su ne ke zuwa cikin kwali a bayan mota ba.

A yi tunanin shagon: ɗaki ɗaya na kwano, jarkokin mai a lungu, tayoyi, yara masu koyon aiki biyu ko uku, mai shayi da gawayinsa a bakin ƙofa, maƙwabta kuma shaguna ne a manne, ƴan kwana-kwana suna can birni. A irin wannan wuri kuskure ɗaya ba na mutum ɗaya ba ne. A ganinmu, ɗan kasuwar da ya sayar da injin nan bai faɗa wa mai saye wannan magana da bakinsa ba, bai sauke nauyin da ke kansa ba, tun da takardar da ke cikin kwalin da Turanci take ko da Sinanci, mai sayen kuma sau da yawa ba ya karanta ko ɗaya.

Mai gyaran waya da ba shi da makawa sai alkol, akwai hanyar da maƙeran injin suka yarda da ita: a cika kwanon da ruwa, a zuba alkol kaɗan cikin kofin gilashi, a tsoma kofin cikin ruwan ba tare da ya taɓa gindin kwanon ba, a ɗora masa murfi sakwa-sakwa, a kashe abin ɗumamawa, a buɗe ƙofa da taga. Girgizar tana ratsa gilashi. Wannan rangwame na ɗan kofin alkol ne kawai, bai shafi isansi ba.

To me za a zuba?

Ruwa mai tsabta, wanda aka tace da ƙyalle in na rijiya ne, da sabulun ruwa marar kumfa da aka yi domin ƙarfe, gwargwadon awon da ke jikin gorarsa. Ruwan ɗumi da sabulu da girgiza suna cire maiƙon da isansi ke cirewa, har su kai inda buroshi ba ya kaiwa. Tun da Najeriya ta janye tallafin mai a watan Mayu na 2023, litar da ake zubarwa bayan wanki ta daina zama abin banza, don haka ko ta fuskar aljihu ruwa ya fi.

Sai dai ba kowane abu mai wanki ne ke shiga ba. Sodar da mata ke haɗa sabulu da ita tana cin sanholo, gangar jikin karbireta kuwa da sanholo ko haɗin tutiya ake yin ta. Tana baƙanta shi, tana kuma fidda wata iska mai kamawa da wuta. Ruwan Javel da ruwan batir suna huda inoks ɗin kwanon kansa, kwanon da ya huje kuma ruwa zai zuba kan wayoyi. Akwai kuma wasu tsofaffin magungunan wanke maiƙo da masana'antun Turai suka yi amfani da su a da. Yarjejeniyar Montreal ta 1987 ta hana wasunsu saboda suna ɓata rigar sararin samaniya; wani mai suna trichloréthylène kuma hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta sa shi cikin masu haddasa wannan ciwo a 2012. Duk wanda aka tallata masa tsohuwar durom marar suna da sunan maganin wanke inji, ya bar ta inda ya gan ta.

Sauran ƙa'idojin aiki ba su da wuya. A cika ruwa har layin da aka zana, domin kunna injin babu ruwa ko da ruwa kaɗan yana ƙona faya-fayan cikin ƙanƙanen lokaci. Sabon ruwa yana ɗauke da iska mai rage ƙarfin kumfa, saboda haka a bar injin ya yi aiki babu kaya minti 5 zuwa 10 tukuna. Kaya cikin kwando suke zama, ba a gindin kwano ba, ba a kuma tara su kamar buhunan gero. A cire robobi da gasket. Anjektar mai waya a ka, bakinsa kaɗai ake tsomawa, bayan wanki kuma sai an gwada feshinsa a teburin gwaji, domin wanki ba ya gyara abin da ya riga ya cinye. Sanholo kada ya daɗe: a duba bayan ƴan mintoci, in ya fita a cire. Baƙin ƙarfen da ya fito daga wannan wanki tsirara yake, ba sauran maiƙon da zai kare shi, tsatsa na iya kama shi kafin la'asar. A ɗauraye, a busar da iska, a shafa mai.

Maganar kuran

Wutar ƙasarmu volt 220 ce. Tsohon injin da aka yi domin Amurka na 110 ne, wanda ya cusa shi kai tsaye ya yi asarar kuɗinsa nan take. Abu ne mai ruwa da wuta a jiki ɗaya, don haka wayar ƙasa, wato kafa ta uku da ake yawan karyewa don fulogi ya shiga, ita ce tsakanin ma'aikaci da ajalinsa. A zare fulogi kafin a zuba ruwa ko a zubar.

Yankin Damagaram da Maraɗi ya daɗe yana shan wutar da ke zuwa daga Katsina ta Gazawa, kowa kuma ya tuna yadda aka yanke ta a watan Agusta na 2023, aka shafe watanni ana rabon kuran. A ƙauyukan da layin NIGELEC bai kai ba kuwa, gurup ne ko hasken rana. Ya kamata a yi lissafi: ɗumama lita 30 daga digiri 30 zuwa 60 yana cin kilowat-awa ɗaya da ɗan ɗoriya, banda girgizar, wadda a injin wannan girma takan ja wajen wat 600. Dabarar da ta dace da ƙasarmu ita ce a bar rana ta yi aikin: baƙar jarka a fili tun safe, da azahar ruwanta ya ɗauki zafi kyauta. Ƙaramin gurup mai hawa da sauka kuma yana kashe na'urar cikin injin, sai da abin daidaita wuta.

Wanki daban, kashe ƙwayar cuta daban

Ga ma'aikatan lafiya, daga asibitin gundumar Magarya zuwa cibiyoyin kiwon lafiya na karkara, amfanin injin a fili yake: yana fidda busasshen jini daga haƙoran almakashi da mahaɗar hantsaki, yana kuma rage yawan lokacin da hannun ma'aikaci ke gugar ƙarfe mai kaifi. Amma ƙarfen da ya fito yana walƙiya bai zama mai tsarki ba. Injin ba ya kashe ƙwayoyin cuta. Ƙwayar ciwon hanta nau'in B tana iya rayuwa mako guda cikin busasshen jini. Bayan wanki dole kaya su shiga otoklab, digiri 121 na minti 20 zuwa 30, ko su shiga Poupinel, digiri 170 na awa ɗaya ko 160 na awa biyu. Shugaban cibiyar da ya samu wannan inji kyauta daga wata ƙungiya ya ɗauka ya huta da otoklab, ya sayi bala'i da hannunsa.

A nan kuma zafi abokin gaba ne. Jini yana dahuwa kamar ƙwai, ya manne wa ƙarfe, idan ruwa ya wuce digiri 40 zuwa 45. Dabarar baƙar jarka ta makanike ce, ba ta unguwarzoma ba. A bazara ruwan tankin da ke kan rufi yakan iso da zafinsa, girgiza kuma ta ƙara masa, don haka ma'aunin zafi ya zama dole. Ana buɗe almakashi da hantsaki kafin a jera su, ba a haɗa inoks da sanholo a wanki ɗaya, ana canza ruwan aƙalla kullum ko da zarar ya gurɓace, murfi kuma a rufe, domin feshin da ke tashi daga ruwan yana ɗauke da abin da aka wanke. Tsohuwar al'adar jiƙa kaya cikin Javel kafin wanki, wadda aka koya wa ma'aikata da yawa a makaranta, Hukumar Lafiya ta Duniya ta daina ba da shawararta a jagoranta na 2016. Ko ma mene ne, Javel ba ya shiga wannan kwano.

Maƙeran farfaru da masu sayar da kayan ado su ma ga nasu a taƙaice: zinariya da azurfa tsantsa suna fitowa fes, amma murjani, da lu'ulu'un kawa, da dutsen da aka manna da gam, da itacen da maƙeran Agadas ke dasawa cikin azurfa, duk suna lalacewa. Abin wuyan amarya da aka yi wa ruwan zinariya kawai, injin zai tona asirinsa. Mai gyaran waya ya cire batir da kyamara da makirufo, ya kuma tabbata allon ya bushe sarai kafin ya ba shi wuta.

Hannu, kunne, da rijiya

A gwajin da Langevin ya yi a tashar jiragen ruwa ta Tulon, an ga ƙananan kifi sun mutu cikin hanyar sautin, waɗanda suka tsoma hannu kuma sun ji zafi mai tsanani. Injin shago bai kai wancan ƙarfi ba, amma ba a tsoma yatsa yana aiki: a kashe, a ɗago kwando, da safar hannu da tabarau. Yaran shago suna son wannan wasa saboda yana yi musu cakulkuli. Aikin maigida ne ya hana. Ko da yake ainihin sautin ɓoyayye ne, kwanon yana fidda wani tsiwa mai huda kai, manyan injuna masu girgiza sau dubu 25 sun fi kowanne. Ƙa'idar da aka sani a wuraren aiki ita ce desibel 85 na awa 8. Wanda ba shi da ma'auni, in sai ya ɗaga murya kafin na kusa da shi ya ji, ƙarar ta yi yawa. Murfi na rage ta, abin toshe kunne kuma bai kai kuɗin shayin kwana biyu ba.

Ruwan da aka gama wanki da shi ba ruwan wanke-wanke ba ne. Yana ɗauke da baƙin mai da garin ƙarfe. A fadamun Korama ruwan ƙasa kusa yake, ƴan mitoci ne tsakaninsa da tafin ƙafa, ƙasar kuma rairayi ce mai tsotse duk abin da aka zuba mata. Abin da aka watsar bayan shago yau, gobe yana cikin rijiyar da ake ban ruwan tumatir da rake. A tara shi cikin durom, a bar shi ya kwanta, a kwashe man da ya taso a haɗa da baƙin mai, laka kuma ta bushe cikin rufaffen gwangwani nesa da rijiya da dabbobi.

Mai saye kuma yana da hanyar gane injin da ke aiki da wanda ke ƙara kawai, domin fitila da ƙugi ba shaida ba ne. A nemi siririyar takardar sanholo irin ta naɗe abinci, a yanko faɗin tafin hannu, a riƙe ta tsaye cikin ruwan da hantsaki ba tare da ta taɓa gindi ba, a kunna na minti ɗaya. Lafiyayyen inji zai bar ta da ƴan huji da tabo ko'ina daidai wa daida. In gefe ɗaya ya fito sumul, faifan wannan gefen ya mutu ko ya saki. Ɗan kasuwa ya yi wannan gwaji a gaban mai shago tun a Kano, kafin kaya su wuce duwan. Ma'aikacin da ke karɓar oda ya yi shi kafin ya sa hannu a takardar karɓa, ya rubuta kwanan wata a jikin takardar sanholon ya adana ta, domin a gwada ta da wadda za a yi bayan wata uku.